Taga Ta Huɗu

Mahaifina Wendelin ba ya yi wa ido ƙarya,
haka garinmu ya shaide shi.
In ya kafa ƙyallensa a bakin Layin Masu Burodi
sai ya ƙirga jan tubalin rufi ɗai-ɗai
kamar mai bin bashi,
kafin buroshi ya taɓa fenti.

Ga zanen nan, man cikinsa ya yi duhu da shekaru:
gidaje masu haƙarƙarin katako a waje
sun jingina da juna kamar tsofaffi a kan benci,
duwatsun titi jiƙe da ruwan la'asar,
kowanne da ɗan hasken da ya sato daga sama.
Agogon coci, ƙarfe huɗu saura goma.
Sheƙar shamuwa a kan bututun hayaƙin Gottlob mai burodi,
har da karen da ya ɗaga ƙafa a jikin famfo.
Bai rufa wa kowa asiri ba.

Shekara shida da bushewar fentin
jiragen yaƙi suka zo da dare.
Ba zan ba da labarin ba.
Da safe muka hauro daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
zanen naɗe cikin bargon mahaifiyata.
Layin ya zama murhu.
Mahaifina ya koma ɗauko akwatin fentinsa,
bai fito ba.

Da aka gaji da kuka aka ɗauki shebur.
Magina suka zo ɗakinmu na aro, hula a hannu,
suka roƙi zanen.
Takardun gari sun ƙone, in ji su,
tsofaffi kuma kowa da irin tunawarsa,
amma aikin Wendelin, ai gani ya kori ji.
Suka aza ma'auni a kan ƙyalle,
suka mai da tsawon yatsa tsawon bango,
suka tayar da layin daga fenti,
ko karkacewar ƙofar Gottlob ba su miƙe ba.

Ni kaɗai da mahaifiyata muka san zancen gida na bakwai,
ita kuwa ta daina magana tun daren wutar.
Tagoginsa na sama uku ne, a bayansu aka haife ni.
A zane huɗu ne.
Ta huɗun ƙarama, can a maƙale da rufi,
da ɗigon rawaya a ciki, fitila,
da wata inuwa da ba ta kai ƙwayar alkama ba.
Shekarar da aka binne ƙanena Alwin ya zana ta,
yaron da bai kai ga takalminsa na biyu ba.
Gidan ba shi da ɗakin da zai ba shi,
sai ya buɗa masa ɗaya da buroshi.

Ina tsaye magina suka bar gurbinta a sabon bango.
Na buɗe baki. Na rufe.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Wanda ya faɗa bai zo layinmu ba.

Yau shekaruna tamanin da bakwai.
Zanen yana gidan tarihi, bayan gilashi,
baƙi na matsowa har numfashinsu ya yi masa hazo,
suna cewa kamar hoto, kamar ka taka ka shiga.
Ni na fi son layin kansa, da yamma,
in jawo keken cefanena yana ƙara a kan duwatsu,
in tsaya daidai famfon.
Wani ɗalibi ne ke haya a can sama yanzu.
Ban san sunansa ba. Yana shanya safa a tagar,
kuma bai taɓa wanke gilashin ba.
Amma lokacin sanyi, da duhu ke sammakon zuwa,
kafin coci ya buga huɗu
yakan kunna fitila.

Sai in ce, Alwin, yau ka dawo da wuri,
in ja kekena in wuce
kafin burodin ya huce.